Jinin da Muke Ɗora wa Tsafi

Mutanen Kangire da Birnin Kudu da Gwaram sun san harin dare tun zamanin doki da mashi. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 wannan yanki yana bakin iyakar ƙasar Kano ta kudu maso gabas, bayan iyakar kuwa sai duwatsun Ningi. Daga can mahara kan sauko, su cinna wa rumbuna wuta, su kora dabbobi, su ɗaure wanda suka kama su wuce da shi. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya ci shekaru masu yawa yana kai da komo a kan wannan iyaka, bai kuma kashe wutar ba.

Asalin rigimar ba ɓoyayye ba ne. Wajen 1846 wani malamin Tsakuwa mai suna Hamza ya ƙi biyan kuɗin ƙasa, aka yi tashin hankali da masu karɓa, ya kwashi almajiransa ya shige duwatsu. Can ya tarar da Butawa da Warjawa da Fa'awa, mutanen da sarakunan Kano da na Bauchi suka daɗe suna kai wa samame don kamun bayi, kowa da ciwonsa a zuci. Malamai suka kawo tsari da rubutu, mutanen dutse suka kawo yawa da sanin hanya, duwatsun kuma suka hana dawakin sarki hawa. Daga nan aka sami daular da ta haifi Ɗan Maje da Haruna Ƙarami da Ɗan Yaya, ta kuma tsaya har zuwan Turawa a 1902. Amma abin da ya fi zama a bakin jama'a game da Malam Hamza ba haraji ba ne, ba kuma bauta ba. An ce yakan jefa buzunsa sama ya hau ya zauna a sarari, an ce yakan zaro harshensa ya naɗe kansa da shi. Labarin sihirin ya rayu, labarin zaluncin da ya haɗa kan waɗancan mutane ya koma cikin littattafan masana tarihi.

Wannan ɗabi'a tsohuwa ce a cikinmu, kuma ita nake son bin sawunta. Duk sanda aka zubar da jini mai yawa, kafin a binne gawa mun riga mun samo wa abin wani tushe a duniyar ɓoye. Da sihirin malami ne. Daga baya ya zama shan jini. Yau ya zama lambobi da alamomin wasu ƙungiyoyin asiri na ƙetare da aka ce sun gaji tsafin Misira da Babila. Tufar ce ke sauyawa, aikin da bayanin ke yi ɗaya ne: yana ɗauke laifin daga kan mutane masu suna da unguwa, ya kai shi inda ba alƙalin da zai iya aika sammaci.

A zamaninmu babu inda abin ya fito fili kamar Kano a Disamba 1980, lokacin da Birnin Kudu da Gwaram suke cikin tsohuwar Jihar Kano. Muhammadu Marwa, Maitatsine, ba baƙo ba ne ga hukuma. Sarki Muhammadu Sanusi ya kore shi daga Kano a 1962, ya dawo, an ɗaure shi, ya fito. A 'Yan Awaki ya kafa sansani a idon kowa, mabiyansa suna ƙwace gidajen maƙwabta, suna tare hanya, suna dukan wanda ya yi magana. A ƙarshen Nuwamba 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya rubuta masa takarda ya ba shi wa'adin tashi. Ranar 18 ga Disamba aka yi arangama a filin Shahuci, 'yan sanda suka sha kashi, gari ya kama da wuta. Da ƙura ta lafa, lissafin hukuma ya ce mutum 4,177 suka mutu.

Duk wanda ya girma a ƙasar Kano ya ji abin da aka riƙa faɗa a kwanakin nan da bayansu. Harsashi ba ya huda 'yan tatsine, sai ya zama ruwa. Akwai wani abu da malam ke ba su su sha, in ka sha ka manta uwa da uba. Ana yanka mutane a cikin gidan ana aiki da jininsu. Cewa mabiyansa sun sha rubutu, sun ɗaura layu da guraye, sun kuma kashe mutane kisan rashin imani, wannan gaskiya ne. Amma jita-jitar ta yi musu aikin da layun ba su yi ba. Ɗan sandan da ya fito daga bariki yana da yaƙinin bindigarsa ba za ta ci ba, ya riga ya juya tun kafin ya ga abokin gaba. Da soja suka shigo da manyan bindigogi a ƙarshen watan, 'Yan Awaki ba ta ɗauki kwanaki ba ta faɗi, Maitatsine kansa ya mutu da rauni irin na kowane ɗan Adam. Sai hukuma ta tono gawarsa ta ƙone don kada kabarin ya zama wurin ziyara, wannan kuma ya ƙara tabbatar wa mutane cewa lallai akwai abin da ake tsoro a jikin mutumin.

Gwamnatin Shehu Shagari ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Anthony Aniagolu. An yi ta ambaton Libiya da Isra'ila a jaridu da majalisu, ba a kafa hujja a kan ko ɗaya ba. Abin da bincike ya nuna ya fi wannan ɗaci. Yawancin mayaƙan gardawa ne da samarin ƙauye da suka zo ci-rani, suka tarar da birnin da kuɗin man fetur ya tsadar da komai, ba mai ba su masauki sai mutumin da ke tsine wa masu mota da agogo da rediyo. Hukumomi sun sami gargaɗi sau da yawa sun yi sakaci. Da wannan ne ya zauna a kunnen jama'a, da an tambayi ina sauran suka nufa. Ba a tambaya ba, domin a tunanin mutane matsafin ya mutu, tsafin ya karye. Sai ga Bulunkutu a Maiduguri da Rigasa a Kaduna a 1982, ga Jimeta a 1984, ga Gombe a 1985.

Shekarun 1990 sun zo da talaucin da ya biyo bayan tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida, suka kuma zo da 'yan shan jini. Duk wanda ya yi kuɗi ba a ga sana'arsa ba, ya shiga ƙungiya. Duk haɗarin mota mai muni, jini aka nema. Ba zan ce babu kisan tsafi a ƙasar nan ba, wanda ya faɗi haka bai san Najeriya ba. A Satumba 1996 an kama mutum da kan yaro a Owerri, abin da ya jawo tarzomar Otokoto, an kuma yi shari'a an yanke hukunci. A 2004 'yan sanda sun fito da gawarwaki daga wuraren tsafin Okija a Jihar Anambra. Waɗannan laifuka ne na gaske, kuma an gano su ne da bincike: an kama mutum, an tona rami, an gabatar da shaida. Matsalar ita ce sun ba jita-jita jari. Tun da an taɓa gani, to ko'ina ma shi ne.

Sai ranar 11 ga Satumba 2001. Mun ji labarin a sashen Hausa na BBC da Muryar Amurka da Muryar Jamus, waɗanda ke da talabijin suka ga benaye biyu na New York suna zubewa. Kusan mutum 3,000 suka mutu. Mahara 19 ne, 15 daga cikinsu 'yan Saudiyya, sunayensu da hotunansu da makarantun da suka koyi tuƙin jirgi duk an bayyana. A Oktoba 2004 Usama bin Ladan ya fito a bidiyo ya ce shi ya ba da umarni. Duk da haka ban san wani hari da aka lulluɓe da tatsuniya kamar wannan ba, kuma a nan ne tsohuwar ɗabi'armu ta sami sabon kaya daga waje.

Na farko da ya iso shi ne cewa Yahudawa 4,000 ba su je aiki ba ranar, maganar da tashar Al-Manar ta Lebanon ta yaɗa kwanaki kaɗan bayan harin, alhali akwai Yahudawa da yawa cikin mamatan, akwai kuma Musulmi. Bayansa lissafi ya biyo. Ranar 11 ce, jirgin farko lambarsa 11, benayen biyu in ka hange su siffar 11 gare su, tara da ɗaya da ɗaya 11 ne. Daga lissafi aka tsallaka zuwa tsafi: wai benayen suna wakiltar ginshiƙai biyu na haikalin Annabi Sulaimanu da 'yan Firimesin ke girmamawa, rushe su kuma hadaya ce da aka tsara ranarta tun da daɗewa. Aka riƙa ninke takardar dala 20 ana nuna hayaƙi a jikin gini. Aka ce a rubuta lambar jirgin a kwamfuta a sauya salon rubutu, za a ga jirgi da gini da ƙoƙon kai, ga shi kuwa lambar da ake cewa a rubuta ba ta kowane jirgi ba ce cikin huɗun.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne wanda ya taɓa Alƙur'ani. An buga takardu ana rabawa a ƙofar masallatai cewa Suratut Tauba ta faɗi harin: sura ta 9 ce, a juz'i na 11, ayar da ke maganar gini mai rushewa tana wajen lamba 110, benayen kuma hawa 110 ne. Duk ɗalibin da ya zauna gaban malamin tafsiri ya san waɗannan ayoyi a kan masallacin cutarwa da munafukai suka gina a Madina suka sauka. Kuma lissafin gaba ɗaya a kan kalandar Miladiyya ya tsaya. A tamu ranar tana cikin watan Jimada Sani na 1422, babu tara babu sha ɗaya. Wanda ya ƙirƙiri takardar ya ɗauka yana ɗaukaka Littafin ne, alhali ya mayar da shi abin duba, ya kuma koya wa yara cewa ma'anar aya tana cikin ƙidayar da kowa zai iya lanƙwasawa, ba cikin abin da malamai suka ruwaito ba.

Wani abu da ya kamata ya tsayar da mu bai tsayar da mu ba. A Kano a watannin da suka biyo bayan harin an raɗa wa jarirai da yawa suna Usama, ana sayar da hotonsa a bakin titi. Sau da yawa bakin da ke yabonsa a kan ya girgiza Amurka shi ne ke rantsuwa cewa ba shi ya yi ba, Yahudawa ne. Maganganun biyu ba sa zama wuri ɗaya, amma sun zauna, domin ba gaskiyar abin da ya faru ake nema ba, sanyin zuciya ake nema. Fushin da ke ƙasa na gaske ne, Falasɗinu da Iraƙi da Afganistan ba ƙage ba ne. Sai dai fushi mai dalili bai mayar da ƙarya gaskiya ba.

A 2008 wani jerin bidiyo mai suna The Arrivals ya fito a intanet, aka kwafe shi a faifai, daga baya ya koma katin waya, ya shiga ɗakunan samari da makarantun kwana. Shi ya koya wa tsararraki guda neman ido ɗaya da dala mai kusurwa uku a jikin kowane tambari, kowace riga, kowane hoton mawaƙi, ya kuma ɗaura duka a wuyan Dujal. Fitowar Dujal aƙida ce da muka karɓa daga malamanmu, ba kuma a tambarin lemon kwalba suka ce mu neme shi ba. Kayan da aka haɗa bidiyon da su kuwa ba na Musulunci ba ne tun asali. Ƙungiyar Iluminati wani malamin jami'a ne, Adam Weishaupt, ya kafa ta a Bavariya ta Jamus ranar 1 ga Mayu 1776, hukuma ta murƙushe ta kafin ta cika shekara goma. Wani limamin Katolika, Barruel, shi ya tayar da sunanta a 1797 don ya ɗora mata juyin juya halin Faransa. Takardun da ake cewa na dattawan Sahyoniya ne an ƙirƙire su a Rasha, an buga a 1903, jaridar Times ta London ta tona ƙaryarsu a 1921. Idon da ke kan takardar dala yana cikin hatimin Amurka tun 1782, an kuma sa shi a kan kuɗin a 1935. Tsoron Turawa ne na ƙarni biyu da suka wuce, ya bi ta hannun masu wa'azin Kirista na Amurka, aka sa masa rawani aka kawo mana.

Da Boko Haram ta tashi, ƙasa ta riga ta jiƙu. Shugabanta Muhammad Yusuf bai ɓuya ba. Wa'azinsa yana kaset da faifai, an yi muƙabala da shi a bainar jama'a, Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya yi ta gargaɗi a kansa kafin a harbe shi a masallacin Ɗorayi cikin sallar asuba ranar 13 ga Afrilu 2007. An kashe Yusuf a hannun 'yan sanda ranar 30 ga Yuli 2009. Ranar 20 ga Janairu 2012 bama-bamai suka tashi a Kano aka kashe kimanin mutum 185, ƙungiyar ta watsa takardu, kakakinta ya ce su ne. Amma a teburin mai shayi bayanin daban ne. Dabino ne ake ba yara su ci, daga nan sun tafi. Jini ake ba su su sha. Ba Musulmi ba ne, an ga zane a jikin gawarsu. Shekau, wanda ya gaji Yusuf, ba mutum ɗaya ba ne, ko kuma aljani ne, shi ya sa soja suka sha cewa sun kashe shi yana dawowa.

Maganar dabino ba na iya yi mata tsawa. Ka ɗauki uwar da ta raini yaro, ta kai shi makaranta, ya haddace izu sittin, wata rana aka ce shi ya yanka maƙwabcinsu. In ta ce an ba shi wani abu ya ci, neman hanyar ci gaba da numfashi take yi, kuma ba ni da bakin hana ta. Amma al'umma ba za ta tsaya inda uwa ta tsaya ba. Binciken da ƙungiyar Mercy Corps ta fitar a 2016, bayan hira da samarin da suka taɓa zama cikin ƙungiyar, ya nuna abokai da 'yan'uwa ne suka fi jan mutum, wasu an ba su rancen jari, wasu tilasta musu aka yi, kuma haushin gwamnati ya share wa ƙungiyar hanya a farko. Kowanne cikin waɗannan yana da magani da mutum zai iya yi da hannunsa. Dabino ba shi da magani sai gudun baƙo, shi ya sa aka kai lokacin da ake jin tsoron karɓar sadakar buɗa-baki daga wanda ba a sani ba.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Wannan karatun alamomi da muke yi, shi ne karatun da maharan kansu suke yi. Yusuf da Shekau sun gina da'awarsu a kan cewa tutar ƙasa gunki ce, taken alƙawarin da yara ke rerawa a makaranta bauta ce ga wanin Allah, duk wanda ya sa kaki ya yi sujada ga ɗagutu. Saurayin da aka riga aka koya masa cewa duniya cike take da ɓoyayyun alamomin kafirci, kuma shugabanni duka 'yan ƙungiyar asiri ne, rabin aikin mai jan hankalinsa an gama. Abin da ya rage shi ne a nuna masa ofishin 'yan sanda.

Mu a kudancin Jigawa abin ya iso mu cikin daren 9 ga Afrilu 2014. 'Yan bindiga suka shiga Gwaram, suka far wa ofishin 'yan sanda da banki da kotun shari'a, suka kashe 'yan sanda bakwai da farar hula ɗaya. Kwana biyar bayan haka bam ya tashi a tashar Nyanya, a daren ranar kuma aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok, sai labarin Gwaram ya nutse. Wanda ya dubi wuraren da aka kai wa hari ba ya buƙatar mai duba ya fassara masa. Ofishin 'yan sanda akwai makamai, banki akwai kuɗi, kotu alamar hukumar da suke yaƙa ce. Gwaram tana maƙwabtaka da Jihar Bauchi, kuma a Yulin wannan shekara soja suka shiga dajin Balmo, wanda ya taso daga Bauchi ya taɓo Jigawa, suka tarar da sansanoni da makaman da aka binne. Daji, hanya, bindiga, kuɗi, da wanda ya san gari ya nuna ƙofa. Tambayoyin da suka dace su ne wa ke kai musu abinci da mai, wa ya ga baƙin fuska a kasuwa ya yi shiru, me ya sa aka bar ofishi guda da 'yan sanda kaɗan a bakin irin wannan daji.

A shekarun nan mun ga abin da yarda da kowace magana ke jawowa. A Fabrairu 2013 an harbe ma'aikatan rigakafin shan inna tara a Kano, bayan shekara goma ana cewa akwai makirci a cikin ɗigon. A Agusta 2014 saƙo guda na waya ya tayar da ƙasar nan tsakar dare ana wanka da ruwan gishiri ana sha don tsoron Ebola, har wasu suka kwanta asibiti. A Maris 2015 taron jama'a a wata kasuwar Bauchi ya kashe wata yarinya ya ƙone ta bisa zargin tana ɗauke da bam. Ranar 28 ga Nuwamba 2014 kuwa, da aka kashe fiye da mutum 100 a babban masallacin Juma'a na Kano, wasu sun ce wannan kaɗai ya isa hujja cewa ba masu sallah ba ne suka yi. Ina ma haka ne. Ƙungiyar ta daɗe tana kafirta duk wanda bai bi ta ba, ta kuma faɗa da bakinta.

Abin mamaki, in ana neman tsofaffin alamomi na gaske, a ƙofarmu suke. A duwatsun Birnin Kudu, Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, akwai zanen shanu marasa tozo, irin da ba a kiwo a nan yanzu, waɗanda wasu mutane suka zana tun kafin a san sunayen garuruwanmu. A 1955 Bernard Fagg ya lura da duwatsun da ke kusa da zanen waɗanda in an buga su suke amo irin na ƙararrawa, daga nan masana suka shiga neman irinsu a sauran Afirka. An rubuta cewa a da wurin yana da alaƙa da al'adun aure na garin. Hukuma ta sa su cikin kayan tarihin ƙasa. Waɗannan zane-zane sun ga Ningawa sun ga Turawa, ba su taɓa sa an kashe kowa ba.

Alaƙar gaske da ke tsakanin 'yan ta'adda da kayan da, alaƙar rushewa ce. 'Yan Taliban sun fasa gumakan Bamiyan a 2001. 'Yan Ansaruddin sun rushe hubbaren waliyyan Tambutu a 2012, har kotun duniya ta Hague ta ɗaure Ahmad al-Faƙi al-Mahdi shekara tara a 2016 saboda haka. Boko Haram ta hau Sukur a Adamawa a 2014 ta yi ɓarna a wurin da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya tun 1999. Ina jin tsoron yaron da aka rena da bidiyon ido ɗaya ranar da zai tsaya gaban zanen Dutsen Habude. Ba tarihin kiwo zai gani ba, tsafi zai gani, kuma wanda ya ga tsafi ba zai damu ba in mai fasa dutse ya iso wurin.

Tambayar wa ke ba su kuɗi tambaya ce mai kyau, kuma ba laifi a zargi manya, na gida da na waje. A Disamba 2024 Janar Tiani na Nijar ya yi hira da Hausa ya zargi Faransa da hannu a ta'addancin yankin, ya haɗa da hukumomin Najeriya, su kuma suka ƙaryata. A Fabrairu 2025 wani ɗan majalisar Amurka, Scott Perry, ya ce kuɗin agajin ƙasarsa ya kai ga Boko Haram, ofishin jakadancin Amurka ya musanta. Maganganun biyu sun zagaye WhatsApp da TikTok cikin awoyi, an ƙara musu hotunan dala da ido. Amma inda aka bi sawun kuɗi da gaske, sunaye aka samu. Kotu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta ɗaure 'yan Najeriya shida saboda tura wa ƙungiyar dala 782,000 daga Dubai tsakanin 2015 da 2016.  Tuhumar karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai ta shiga kotu tun 2015. Wannan ce shari'ar da ya kamata majalisunmu su riƙa bibiya da zafin da suke bibiyar Iluminati, domin sojan da ya gudu daga Mubi a Oktoba 2014 ba laya ce ta kore shi ba.

Shekau ya mutu a Mayu 2021 a dajin Sambisa. Ba wata rundunar ƙetare ce ta kashe shi ba, tsofaffin yaransa na ɓangaren ISWAP ne suka rutsa shi, ya tayar da bam ɗin da ke jikinsa. Bayan haka dubun dubatar mutane suka fito daga daji suka miƙa wuya a Borno, mayaƙa da manoman da aka tsare da mata da yara, da yawansu ƙashi da fata. Waɗanda aka tantance ana kai wasunsu sansanin gyaran hali na Malam Sidi a Jihar Gombe, tafiyar wuni ɗaya ba ta kai ba daga Gwaram. Suna jin Hausa da Barbarci, suna da sunan uba da sunan gari. Jami'ai da malamai da masu bincike sun zauna da su sun tambaye su yadda suka shiga, kuma amsoshin da ke fitowa su ne wa'azin da suka ji, abokin da ya ja su, bashin da aka ba su, ɗan'uwan da aka kashe musu, da bindigar da aka ɗora musu a ka.